Wa Ya Ji Ta Bakin Efsilon? Sharhi a Kan Littafin Brave New World na Aldous Huxley

Akwai littattafan da sunansu ya fi karatunsu yawo, kuma Brave New World na Aldous Huxley yana cikinsu. Duk lokacin da aka ji labarin cewa masana kimiyya sun taɓa ƙwayoyin halittar ɗan Adam, sai ka ji 'yan jarida sun ambaci sunan littafin, kamar dai ambatonsa kawai ya gama magana. Haka aka yi a 1978 da aka haifi Louise Brown a Ingila, yarinyar da aka fara haɗa cikinta a ɗakin gwaji. Haka aka yi a 1997 da aka bayyana wa duniya tunkiyar nan Dolly, aka kuma maimaita a 2018 lokacin da wani masani a ƙasar Sin ya ce ya sauya ƙwayar gadon wasu tagwaye tun kafin a haife su. Wannan ne ya sa muka sake ɗauko littafin muka karanta shi a natse lokacin hutun makaranta, domin mu ga ko ya cancanci kujerar alƙalancin da aka ɗora shi a kai.

Abin da muka gani shi ne littafin ya cancanci yabo mai yawa, amma akwai wani babban giɓi a tsakiyarsa, kuma wannan giɓi ya faɗo daidai wurin da ainihin maganar take. Muna ganin 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, za su ƙaru da wannan giɓi fiye da yadda za su ƙaru da yabon.

Asalin Maganar

Kafin a shiga littafin, ya kamata mai karatu ya san irin iskar da ake shaƙa a lokacin da aka rubuta shi. Wani Bature mai suna Francis Galton, wanda kakansu ɗaya da Charles Darwin, ya fitar da littafi a 1869 inda ya bi salsalar alƙalai da 'yan siyasa da manyan masana na Ingila, ya ga cewa da yawa daga cikinsu suna da dangi fitattu irinsu. Daga nan sai ya yanke hukuncin cewa basira gadonta ake yi, wato dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bai tsaya ya auna cewa ɗan alƙali ya gaji makaranta da littattafai da abinci mai kyau da mutanen da za su tsaya masa ba. A 1883 ya ƙirƙiro wa ra'ayin nasa suna daga harshen Girkanci, yujeniks, ma'ana kyakkyawar haihuwa. Mu a nan za mu kira shi zaɓen iri, domin abin da ake nufi ke nan: yadda manomi yake ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don shuka, haka za a ware mutane, a ƙarfafa wa wasu guiwa su hayayyafa, wasu kuma a hana su.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ra'ayin wasu 'yan tsiraru ne marasa kan gado. Manyan mutane ne suka rungume shi, na dama da na hagu. An yi babban taron duniya a kansa a Landan a 1912, kuma Winston Churchill yana cikin mataimakan shugaban taron. Jihar Indiyana ta Amurka ta yi dokar kashe wa mutane haihuwa da ƙarfin hukuma tun 1907, sauran jihohi suka bi, har aka yi wa mutum fiye da 60,000 wannan aiki a ƙasar. Suwidin ta yi wa kimanin 63,000 daga 1935 zuwa 1975, akasarinsu mata. Jamus ta Hitler ta yi tata dokar a 1933, ta yi wa kimanin 400,000, daga baya kuma ta zarce zuwa kashe naƙasassu da masu taɓin hankali, fiye da 70,000 daga 1939 zuwa 1941. A Ingila kanta an kai ƙudurin irin wannan doka gaban majalisa a 1931, aka kayar da shi. A cikin wannan shekara ce Huxley yake zaune a kudancin Faransa yana rubuta littafinsa, wanda ya fito a 1932.

Labarin a Taƙaice

Labarin yana faruwa ne a shekara ta 632 bayan Ford, wato Henry Ford mai ƙera motoci, wanda mutanen wannan duniya suka mayar abin rantsuwa. Gwamnati ɗaya ce take mulkin duniya duka, a hannun shugabanni goma. An daina haihuwa. Kalmar uwa ta zama batsa. A masana'anta ake ƙyanƙyashe jarirai cikin kwalabe, a kasa su gida biyar: Alfa, Bita, Gama, Dalta da Efsilon. Alfa su ne masu tunani da mulki, Efsilon kuwa su ne 'yan aikin ƙarfi. Kowa yana jin daɗin matsayinsa domin tun yana jariri ake raɗa masa a kunne cikin barci cewa nasa ya fi. Wanda ransa ya ɓaci sai ya haɗiyi wata ƙwaya mai suna soma.

Cikin wannan duniya akwai Bernard Marx, Alfa ne amma gajere, abin da ya sa yake jin haushin kowa. Ya tafi yawon buɗe ido da wata budurwa, Lenina Crowne, zuwa wani keɓaɓɓen yanki a Niyu Meziko inda aka bar mutane suna rayuwa irin ta da. A can suka tarar da Linda, wata 'yar Landan da ta ɓace shekaru da dama, tare da ɗanta John, wanda ta haifa da cikinta, ya kuma tashi da wani tsohon kundin wasannin Shakespeare. Suka kawo su Landan. John ya zama abin kallo, ya ƙi jinin abin da ya gani, uwarsa ta mutu cikin mayen soma, ya ta da tarzoma a asibiti, aka kai shi gaban Mustapha Mond, shugaban Yammacin Turai, suka yi doguwar muhawara. Daga ƙarshe ya keɓe kansa a wata tsohuwar hasumiya, 'yan kallo suka bi shi har can, ya rataye kansa.

Inda Ya Yi Gwaninta

Babi uku na farko sun isa a koyar da su a kowane zaman bita na marubuta. Matsalar da Huxley ya fuskanta ita ce wadda duk mai ƙirƙirar sabuwar duniya yake fuskanta: yaya zai bayyana wa mai karatu tsarinta ba tare da ya mayar da labarin lacca ba? Dabarar da ya yi ita ce ya sa daraktan masana'antar yana zagayawa da sababbin ɗalibai, suna biye da shi da littattafan rubutu suna kwafe duk abin da ya faɗa. Mai karatu sai ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban. Darakta yana bayani cikin alfahari, mu kuwa tsigar jikinmu tana tashi, kuma marubucin bai tsoma baki ya ce mana wannan mugun abu ne ba. Yawancin marubutanmu ba su da wannan haƙuri. Da zarar mugu ya buɗe baki sai marubuci ya tsayar da labari ya yi mana wa'azi na shafi biyu, kamar yana tsoron za mu bi mugun.

Duba wurin da aka shigo da jariran Dalta 'yan wata takwas, aka ajiye musu furanni da littattafai masu hotuna. Suka rarrafa wajensu suna murna, sai aka saki jiniya, aka kuma sakar musu wutar lantarki ta ƙasan daɓe. Da aka sake miƙa musu furannin sai suka ƙanƙame jiki suna tsala ihu. A shafi uku ko huɗu marubucin ya nuna mana yadda ake raba talaka da littafi har abada. A babi na uku kuma ya yanyanka zance gida-gida, muryar Mond tana ba da tarihi, muryar 'yan mata a ɗakin wanka, muryar maza suna gulma, yana gajarta kowace har suka koma layi ɗaiɗai suna karo da juna. Wannan salo ne mai wuyar riƙewa, kuma ya riƙe shi.

Akwai wani abu da masu ambaton littafin ba su cika lura da shi ba. Babu inda aka gyara ƙwayar gado a cikinsa, domin sai a 1953 Watson da Crick suka bayyana siffar sinadarin da yake ɗauke da gadon. Abin da ake yi a masana'antar shi ne a zaɓi ƙwai, na manya a bar shi ya zama mutum ɗaya, na ƙanana kuma a tsattsaga shi har ya ba da tagwaye 96 masu kama ɗaya. Sannan a rage wa ɗan tayin Efsilon iskar shaƙa, a zuba wa na ƙasa barasa a cikin jinin da ake ciyar da su, don ƙwaƙwalwa ta tsumbure. Wato Efsilon ba a same shi dolo ba, mayar da shi aka yi. Wannan ita ce magana mafi nauyi a littafin, kuma da marubucin ya bi ta har ƙarshe da ya rushe Galton gaba ɗaya. Sai dai kash, bai bi ta ba.

Giɓin

Mond ya kwatanta al'ummarsa da dutsen ƙanƙara mai yawo a teku, kashi takwas cikin tara a ƙarƙashin ruwa, kashi ɗaya a sama. To, duk babi 18 na littafin a kan wannan kashi ɗaya suke. Bernard, Helmholtz Watson, Mond, darakta, Henry Foster, duk 'yan sama ne. Lenina da Linda ma ba 'yan ƙasa ba ne. Cikin Gama da Dalta da Efsilon ba mu ci karo da ko mutum ɗaya mai suna ba, balle a shigar da mu zuciyarsa. Launin tufafinsu kawai muka sani: kore, kaki, baƙi.

Sau ɗaya marubucin ya kusa. A farkon babi na huɗu akwai wani Efsilon mai tuƙa na'urar hawa bene. Ya kai mutane saman rufin gini, ya buɗe ƙofa, hasken rana ya dalle masa ido, sai ya tsaya yana maimaita sunan wurin cikin wani irin shauƙi, kamar wanda aka tasa daga barci. Nan take lasifika ta umarce shi ya koma ƙasa, ya rufe ƙofa ya nutsa cikin duhu. Wannan ɗan guntun wuri ya fi mana duk muhawarar Mond da John tsayawa a rai, domin ya nuna cewa duk da abin da aka yi wa wannan bawan Allah a kwalba, akwai sauran wani abu a cikinsa da yake son rana. Amma ko a nan, da biri marubucin ya kamanta shi, kuma daga wannan shafi ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Sauran wuraren sun fi haka muni. Lokacin da Linda take gargarar mutuwa aka shigo da yaran Dalta tagwaye don a saba musu da ganin mutuwa, kuma ta idon John muke kallonsu, shi kuwa tsutsotsi yake gani. Da ya tsaya yana watsar da soma ta taga yana kiran ma'aikatan Dalta zuwa ga 'yanci, ba da jimawa ba ya koma zaginsu. Mai karatu yana fita daga waɗannan shafuka da ƙyamar mutanen, alhali kuwa su ne aka zalunta. Za a iya cewa ƙyamar ta John ce, tauraro ne kawai a labari. Mun yarda, amma marubucin bai ba mu wani ido na biyu da za mu kalle su da shi ba, kuma inda muryarsa ce take bayani ba ta fi ta John tausayi ba.

Wani zai ce ai dole ce ta sa, domin mutumin da aka tsumbure wa ƙwaƙwalwa ba shi da zancen zuci da za a rubuta. Wannan uzuri bai karɓu ba. Shekara uku kafin littafin Huxley, wato a 1929, William Faulkner na Amurka ya fitar da The Sound and the Fury, ya kuma miƙa kashin farko na littafin gaba ɗaya ga Benjy, mutum ɗan shekara 33 mai hankalin ƙaramin yaro, wanda ko magana ba ya iyawa, wanda kuma danginsa suka sa aka dandaƙe shi. Ta cikin kansa muke jin ƙanshin 'yar uwarsa da kewarta. Karatun yana da wuya, mu kanmu sai da muka maimaita shi kafin muka kama zaren, amma wanda ya gama shi ba zai sake kallon irin su Benjy kamar kayan daki ba. Ashe dai abin yana yiwuwa. Huxley bai ga bukatar yi ba ne.

Dalilin rashin ganin bukatar ba ɓoyayye ba ne. Huxley ɗan gidan boko ne na ƙin ƙarawa: kakansa Thomas Henry Huxley shi ne babban mai kare ra'ayin Darwin, yayansa Julian kuwa shi ne shugaban UNESCO na farko, ya kuma shugabanci ƙungiyar masu ra'ayin zaɓen iri ta Ingila daga 1959 zuwa 1962. Shi kansa Aldous, kamar yadda manazarci David Bradshaw ya nuna a tarin rubuce-rubucensa da ya fitar a 1994 mai suna The Hidden Huxley, ya yi magana da yawun wannan ra'ayi a daidai shekarun da littafin ya fito. A 1934 ya rubuta maƙala yana goyon bayan a kashe wa masu raunin hankali haihuwa. Har a 1958, bayan duniya ta ga abin da aka yi a Jamus, ya nuna damuwa a Brave New World Revisited cewa magungunan zamani suna raya masu larurar gado su hayayyafa. Saboda haka abin da yake ba shi tsoro a sabuwar duniyar tasa shi ne makomar mutum irinsa: mai basira da za a hana shi Shakespeare, a hana shi kaɗaici da baƙin ciki mai ma'ana. Makomar mai share masa ɗaki ba ta hana shi barci ba. Laifi tudu ne. A gidan su Huxley ma akwai ciwon damuwa mai tsanani, har wani yayansa ya kashe kansa a 1914, amma ba mu ji wanda ya kawo shawarar a tsayar da zuriyarsu ba.

Wannan ne ya raunana muhawarar babi na 16 da na 17, wadda ake yawan yabo. John ya tambayi Mond me ya sa ba za a yi kowa Alfa ba. Mond ya ba shi labarin gwajin da aka yi a tsibirin Saifurus, inda aka zuba Alfa 22,000 su kaɗai, kowa ya ƙi aikin ƙasƙanci, cikin shekara shida yaƙin basasa ya ɓarke, aka kashe 19,000. Hujjar ita ce dole a sami masu wanke masai, kuma gara a ƙera su yadda za su so aikin. A nan ne muke jiran John ya ce: wa ya ba ka izinin rage wa ɗan tayi numfashi? Bai ce ba. Ya wuce zuwa zancen waƙa da addini da haƙƙinsa na ya sha wahala idan ya ga dama. Duk abin da ya nema wa kansa ya nema. Marubucin ya bar hujjar Mond a tsaye ba a taɓa ta ba. A gabatarwar da ya yi wa bugun 1946 ya amsa cewa littafin yana da babban aibi, amma aibin da ya ambata shi ne bai ba John mafita ta uku ba. Mai tuƙa na'urar hawa bene bai zo masa a rai ba ko a lokacin.

Wadda Aka Yi Wa

Don a ga girman abin da aka bari, bari mu ajiye ƙagaggen labari mu ɗauki na gaske. Carrie Buck yarinya ce 'yar talakawa a jihar Bajiniya ta Amurka. An tsare uwarta a gidan masu farfaɗiya da raunin hankali, ita kuma wasu suka riƙe ta. Tana da shekara 17 wani ɗan uwan masu riƙon ya yi mata fyaɗe ta sami ciki. Don a rufe abin kunya sai aka ce ita ma ba ta da cikakken hankali, aka kai ta inda uwarta take a 1924. Hukumar gidan tana neman wanda za ta gwada sabuwar dokar jihar a kansa, sai ta zaɓe ta. Lauyan da aka ba ta abokin shugaban gidan ne, kuma tsohon ɗan hukumar gudanarwarsa. Wata ma'aikaciya ta dubi jaririyarta Vivian, 'yar watanni, ta ce ita ma kamar ba daidai take ba. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai takwas cikin tara, ta amince a ɗaure mata mahaifa, mai shari'a Oliver Wendell Holmes yana cewa zuriya uku ta dolaye ta isa haka. Aka yi mata aikin a wannan shekara. Ƙanwarta Doris ma aka yi mata, aka ce mata aikin ciki ne kawai, ba ta san gaskiya ba sai bayan shekaru fiye da hamsin tana neman haihuwa.

Vivian ta shiga makaranta, kuma takardun makarantar da masu bincike suka tono daga baya sun nuna har sunanta ya shiga jerin ɗalibai masu ƙoƙari a 1931. Ta mutu tana da shekara takwas a 1932, shekarar da Brave New World ya fito. Mu da aikinmu cike katin sakamako ne, wannan ya taɓa mu ƙwarai. Kuma ya tuna mana da wani hali namu na malamai: mukan kasa yara aji A zuwa D da jarrabawa ɗaya, mu tura ƙwararrun malamai A, mu bar D da wanda ya samu, sannan bayan shekara uku mu nuna sakamako mu ce ai dama mun faɗa.

Babu kwalba ko ɗaya a labarin Carrie Buck. Likita ne da lauya da alƙali da takarda, da kuma yarinyar da ba wanda ya tambaye ta. Wannan shi ne zaɓen iri kamar yadda aka yi shi a zahiri, kuma mai neman ya fahimce shi daga Huxley kaɗai zai fita da rabin labari.

Yau Kuma Fa?

Har ila yau, akwai inda zamani ya kauce wa hasashen littafin. Huxley ya zaci gwamnati ce za ta yi zaɓen. Yau a ƙasashe da yawa iyaye ne suke yi, kasuwa tana tallata musu. Tun 1990 aka fara gwada ɗan tayin da aka haɗa a ɗakin gwaji kafin a dasa shi, a wani asibiti a Landan, don kauce wa cututtukan gado. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana dabarar CRISPR ta yanke ƙwayar gado a gyara. Wanda ya yi amfani da ita a kan tagwayen Sin, He Jiankui, an ɗaure shi shekara uku a 2019. Fim ɗin Gattaca na Andrew Niccol, wanda ya fito a 1997, ya fi kusa da wannan yanayi, domin a cikinsa iyaye ne suke zama gaban likita cikin ladabi suna zaɓar ɗa. Ya kuma yi abin da Huxley bai yi ba, ya ba da labarin ta bakin wanda aka raina, Vincent, da aka haifa ba tare da zaɓe ba aka ce zuciyarsa ba za ta kai shi nesa da shekara 30 ba. Sai dai shi ma fim ɗin yana da nasa rauni: Vincent ya tsira ne domin ya fi zaɓaɓɓun ƙwazo. To, wanda aka raina kuma bai fi kowa komai ba fa? Abokan aikinsa masu shara suna nan inda aka bar su.

Kada mu ɗauka maganar ta Turawa ce kawai. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A 2024 jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na wannan. Mu muna goyon bayan gwaji, domin duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro yana murƙususu don ciwon ƙashi ba zai so a shiga aure da ka ba. Sanar da mutum biyu gaskiya su yanke shawara daban yake da kama yarinya a ɗaure mata mahaifa, kuma wanda ya haɗa su ya yi zalunci a magana. Amma tazarar da take tsakaninsu tana bukatar tsaro, kuma harshe ne yake fara ketare ta. A lura kuma, tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu. Abin da mai zaɓen iri zai kira gurɓataccen iri shi ne ya raya kakanninmu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin sikila na farko da aka yi da dabarar CRISPR, kuɗinsa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Wannan gyara ne ga mai rai da ya nema, ba ya wucewa ga 'ya'yansa, kuma ba mu da ja a kansa, sai dai muna tambayar ɗan wa zai samu.

Littattafanmu na soyayya sun fara ɗaukar wannan jigo, kuma zubin kusan ɗaya ne: saurayi da budurwa sun shaƙu, sakamakon gwaji ya fito, a yi kuka, a rabu ko a ƙi rabuwa. Idan an ƙi, sai a haifi yaro mai sikila ya zama hukuncin da ya faɗa wa masu taurin kai. Yana kwance a gadon asibiti, ana kuka a kansa, ya mutu a babi na kusa da ƙarshe don iyaye su yi nadama. Ba a ba shi abokai ko abin dariya ko wani buri nasa ba. Wannan shi ne Efsilon ɗinmu, kuma mun yi masa abin da Huxley ya yi wa nasa. Haka muke yi wa wanda aka hana aure don an binciko kuturta ko taɓin hankali a danginsa, ko don sana'ar kakansa.

Wata shekara, a aji biyar, muna tattauna batun gwaji kafin aure, wani ɗalibi mai kaifin baki ya ce idan kowa ya bi doka, nan da shekara hamsin an huta da masu sikila. Aji ya yi na'am, mu ma muka gyaɗa kai, domin ta fuskar lissafi ba mu ga aibin maganar ba. Akwai wata yarinya a layin gaba, wadda takan yi mako biyu ba ta zo ba saboda ciwon, kuma duk da haka ba a taɓa fin ta a insha'i ba. Ba ta ce komai ba sai da aka tashi. Ta same mu a bakin ofis tana riƙe da littattafanta a ƙirji, ta ce, "Malam, da aka ce a huta da mu, ciwon ake nufi ko mu?" Muka ce mata ciwon ake nufi. Ta ce to ai ba haka aka faɗa ba, kuma Malam bai gyara ba.